Soron Inji

Ni na kashe soron inji. Gara in faɗa tun da fari, don mutanen unguwa sun ɗora wa damina laifi, wasu kuma suka ce tsufa ne, ni kuwa ina jin su ina gyaɗa kai kamar na yarda. Ban yarda ba. Damina nawa ta zo ta wuce ta bar shi a tsaye? Tsufa kuma, akwai soraye a cikin birni da suka girme shi nesa ba kusa ba, suna nan garau. Hannuna ne ya same shi, kuma da kyakkyawar niyya na yi, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Wanda ya san Gyadi-Gyadi da Tarauni a yau, da ihun 'yan adaidaita da shaguna manne da juna har Unguwa Uku, in na ce masa a ƙauye muka tashi sai ya ɗauka ruɗin tsufa ne. To ƙauye ne, wallahi. Gonakin gero da gyaɗa ne tsakaninmu da Darmanawa, in dawa ta yi tsayi uwa ba ta aiken yaro shi kaɗai. Gidanmu yana bakin hanyar da masu jakai ke bi, mahaifina kuma magini ne, ginin ƙasa, wanda ya gada daga nasa mahaifin. Shi ya gina soron da ke ƙofar gidanmu tun ban san kaina ba. Da tubali ya ɗaga shi, bangon nan da kauri har yaro na iya kwanciya a bakin taga ya yi barci. Rufin a lanƙwashe yake ta ciki, azara ta haɗu da azara a tsakiya babu ginshiƙi ko ɗaya, a waje kuma ga zankwaye a kowace kusurwa suna kallon sama. Tsakar rana ta bazara ka shiga ciki sai ka ji kamar ka sa ƙafa a randa. Da aka kawo injin niƙa na farko a yankinmu, an duba ɗakuna an duba, ba a sami wanda zai jure girgizarsa ba sai wannan. Daga nan sunan ya bi shi.

Mai injin wani mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, dogo, mai ƙarancin magana. Ba mu taɓa sanin sunansa na yanka ba, Baba Mai Inji kawai muke cewa, har dattawa. Kullum fari fat yake da gari, har gashin idonsa. Da hantsi zai tuɓe riga ya kama hannun injin ya yi ta juyawa, ƙarfen ya yi tari sau biyu sau uku kamar ba zai tashi ba, can sai ka ji ya kama, tuf, tuf, tuf, hayaƙi na fita ta bututun da mahaifina ya huda wa rami a bango. Wannan ƙarar ita ce agogonmu. Manomi a gona in ya ji ta ya san hantsi ya yi, in ta tsaya ya san azahar ta gabato, ranar Lahadi da safe kuwa shiru kake ji har a cikin kunnenka, don mai inji ya tafi coci. 'Yan mata su jera ƙoren dawa da gero tun daga bakin soro har gindin bishiya, kowace ta san tata, a yi ta faɗa a kan wadda ta tura ƙwaryarta gaba da ƙafa. Inna takan ce inji ne ya ceci gwiwoyinta daga dutsen niƙa, amma ba ta fasa ƙorafin cewa tuwonsa yana ɗan warin ƙarfe ba. Garin yana fitowa da ɗumi, da wani ƙamshi da ban ƙara jin irinsa ba. Yanzu kowane lungu da ɗan injinsa na lantarki mai tsuwa kamar ana yanka akuya, wasu ma a leda suke sayen garin, ba su san daga inda ya fito ba.

Ginin ƙasa yana da haƙƙi a kan mai shi. Baba, wato mahaifina, yakan ce bango ma yana cin abinci, sai dai shi sau ɗaya yake ci a shekara, kuma in ka hana shi zai nuna maka. Abincin nan shi ne yaɓe. Kafin hadarin farko za a haƙo ƙasa daga kududdufin bayan gari, jakai su yi ta kawowa a mangala, a zuba a ƙofar gida, a haɗa da yankakkiyar ciyawa da kashin dabbobi, a kwarara ruwa, a shiga da ƙafa a yi ta cuɗawa. Sai a bar ta kwanaki ta ruɓa, tana wari, a sake cuɗawa. Mata kuma su jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, har ruwan ya yi ja, shi ake shafawa a ƙarshe don ruwan sama ya zame. Ranar yaɓen soron inji gayya ake yi. Ba gida ɗaya da ba ya cin garin soron nan, saboda haka ba gida ɗaya da ba ya turo mutum. Ranar inji ba ya tashi, shi kansa Baba Mai Inji sai ya naɗe wando ya shiga cikin laka. Babanmu kuwa yana can sama a kan tsani, ana cura ƙasa ana jefa masa yana cafewa ba ya ko kallo, yana manna wa bango yana bi da tafin hannu. In an gama, sawun yatsunsa ne a jikin soron tun daga sama har ƙasa, layi-layi a lanƙwashe.

Ni dai ban taɓa son ranar nan ba, ba zan yi ƙarya ba. Ɗan makarantar boko ne ni, kuma cuɗa ƙasa tana bar wa mutum faso a dunduniya da warin da sabulu ba ya fitarwa sai an kwana biyu. Wanda ke son aikin shi ne Ɗanlami, sa'ana, ɗan maƙwabtanmu da aka ba Baba ya koya masa gini. Shi ya laƙaba mini Akawu tun ban zama akawun ba. In ya ga ina taka lakar da yatsun ƙafa kamar kaza a kan garwashi sai ya ce a kawo wa Akawu kujera da biro, kowa ya yi dariya, ni kuwa in cika in yi fam.

To, na girma na zama akawun da gaske. Gari kuma ya fara tahowa wajenmu. Aka yanka gonaki aka yi filaye, ma'aikata suka zo suka yi gidajen bulo da rufin kwano da fenti, gidajenmu suka koma kamar baƙi a garinsu. Gayya ta fara raguwa, wannan ya tafi aikin kamfani, wancan ya ce a yi masa uzuri. Gwiwoyin Baba suka fara ciwo, amma duk shekara sai ya hau tsanin nan, ina tsaye a ƙasa gabana na faɗuwa. A cikin haka Allah ya nufe shi da zuwa Makka.

Al'adarmu ce, kafin alhaji ya dawo a gyara masa gida, a yi shafe, a share, ya tarar da ƙofarsa tana sheƙi. Ni kuma babban ɗa, mai albashi, sai na ce zan yi abin da ba a taɓa yi wa wani alhaji a unguwar ba. Zan lulluɓe soron inji da siminti daga sama har ƙasa, Baba ya huta da hawa tsani har abada. Na sami Ɗanlami, wanda lokacin ya zama magini sosai, na ce shi zai yi. Ya ce ba da hannunsa ba. Ya ce siminti da ƙasa ba sa zama lafiya, in bari maigidansa ya dawo a tambaye shi. Na ce masa jahilci ne ke damunsa, kuma tsoro yake kada sana'arsu ta mutu. Kalmar jahilcin nan na faɗe ta a gaban mutane. Ya ɗauki hularsa ya tafi. Baba Mai Inji ma, da bai saba sa baki a harkar kowa ba, ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, ɗana, wanda ya gina abu shi ya san shi, kwana nawa ya rage ya dawo. Na ce masa ai daɗin abin ke nan, ya zo ya gani ba zato. Na ɗauko birkiloli daga sabuwar unguwa, cikin 'yan kwanaki suka shafe shi sumul, aka bi da fenti kore. Sawun yatsun nan duk suka shige ciki. Jama'a suka yi ta zuwa kallo suna sa mini albarka, wata tsohuwa har da cewa ta ga ɗan da ya san darajar ubansa. Kaina ya yi girma, ba kaɗan ba.

Ranar da Baba ya dawo, mota ta sauke shi a ƙofar gida, mutane cike. Ya tsaya ya dubi soron. Aka ce masa aikin ɗanka ne, Alhaji. Ya yi murmushi ya ce madalla, Allah ya yi albarka, ya shige ana ta yi masa barka da sauka. Washegari da hantsi, baƙi ba su fara zuwa ba, na fito na same shi shi kaɗai a gefen gabas na soron, ya ɗora tafin hannunsa a kan fentin. Na durƙusa na gaishe shi.

"Wa ya ba ka wannan shawarar?"

"Ni ne, Baba. Don ka huta."

"Na gode." Hannunsa na nan a wurin. "Ƙasa tana shan ruwa da damina, in rana ta fito ta fitar da shi. Yanzu za ta sha, ba ta da ta inda za ta fitar."

Na ce ai siminti ba ya barin ruwa ya shiga, haka birkilolin suka tabbatar mini. Ya ce zai shiga ta sama, zai kuma taso ta ƙasa. Sannan ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, da ma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"In ka sa an ɓamɓare kafin ruwa ya sauka, ba a makara ba. Amma ni ba zan sa a taɓa ba. Kyautarka ce, jama'a sun gani sun yaba, ba zan kunyata ka ba."

Ya bar mini zaɓi a hannuna, ni kuma na zaɓi kaina. Na tuna tsohuwar nan da albarkarta, na tuna Ɗanlami da dariyar da zai yi, na ce a raina Baba mutumin da ne, bai san siminti ba. Damina ta zo ta wuce soro na tsaye yana ƙyalli, ta biyu ma haka. Har nakan ɗan yi tari in mun wuce ta wurin tare, don ya lura. Bai ƙara ta da maganar ba har ya koma ga Allah. Abin da na lura da shi kawai, bai sake zama a inuwar soron ba, can gindin bishiya ya mayar da tabarmarsa. A lokacin na ɗauka iska yake nema.

Shekaru suka yi ta tafiya. Tsaga ta fara fitowa a jikin simintin, siririya kamar zare. Duk wadda na gani sai in kira birkila ya cike ta da wani simintin, in sake fenti, in koma gefe ina jin na cika ɗa. Baba Mai Inji ya tsufa, ƙananan injina suka kwashe masa mata, wata rana ya yi mana sallama ya koma garinsu, aka zo aka kwance ƙarfen aka tafi da shi. Soron ya zama wurin ɗaurin aure da zaman makoki na duk layin. Gidajen ƙasa da ke kewaye da mu aka yi ta rushe su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage shi kaɗai a tsakanin benaye. Ƙannena suka taso ni gaba a rushe a yi shaguna, kowa ya amfana. Na ce sai dai bayan raina. Mun yi shekara biyu ba ma ga-maciji da autanmu a kan wannan magana. Ina ganin kaina a matsayin mai gadin aikin Baba, ban san tun tuni na gama da shi ba.

Wasu ɗalibai masu karatun zanen gine-gine ne suka fara buɗe mini ido. Sun zo da abin awo da wayoyinsu, suka yi ta ɗaukar hoton rufin ta ciki, suna magana rabi Hausa rabi Turanci, suka ce irinsa ya kusa ƙarewa a wannan ɓangaren na gari, don Allah a kula da shi. Na ji daɗi har na sa aka kawo musu lemo. Da za su tafi sai wata yarinya a cikinsu ta ƙwanƙwasa bangon waje da bayan yatsa. Ya yi ƙara kamar an buga ƙwarya a kife. Ta matsa gaba ta sake, haka. Ta tambaye ni cikin ladabi, Baba, yaushe aka yi wannan filastar? Na ce tun ba a haifi uwarta ba, kuma ba abin da ya same ta. Ta ce to, Baba. Suna bacewa na zagaya soron ina ƙwanƙwasawa da kaina, ko'ina amsa ɗaya yake ba ni.

Sai da na yi mako ina juya abin kafin na iya zuwa Darmanawa wajen Ɗanlami. Tun ranar kalmar nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu, a wajen jana'iza ko suna. Na same shi a ƙofar gidan ɗansa, ya rame, ido ɗaya ya yi fari. Ban san ta inda zan fara ba, sai na ce masa na zo ne a kan soro. Ya ce ya san za a zo, bai dai zaci za a daɗe haka ba. Sai ya nemi sandarsa. Da muka iso ya karɓi guduma ya bugi gefen gabas sau ɗaya. Falle guda na siminti ya faɗo, ƙasa ta biyo shi tana zuba, baƙa, a jiƙe, gara na gudu a cikinta. Ya tura hannunsa ya shige har gwiwar hannu ba abin da ya tare shi. Ya zaro ya murza ƙasar ya sansana.

"Akawu," ya ce, "shekara da shekaru kana turara shi kamar dambu."

Na ce a cece shi, ko me za a yi. Ya ce bakin azarorin ya fara ruɓewa, amma in an samu ƙasa mai kyau da makuba da hannaye, a ɓamɓare gefe-gefe a sake ginawa kafin ruwa, wataƙila. Na riƙe wataƙilar nan da hannu biyu. Sai dai ina ƙasar? Kududdufin da muke haƙa an cike shi tuni, bene ne a kai mai shagunan waya. Ɗorawa kuwa ko ɗaya ba ta rage ba daga nan har Babban Giji. Sai daga wani ƙauye can aka kawo mini ƙasa a tifa, makuba kuma wata dattijuwa ta haɗo mini rabin buhu da ƙyar, tana tambaya ko magani za a yi. Na tashi a masallaci na roƙi gayya. Samari suka ce ba matsala, Baba, an gama. Ranar aikin mutum biyar suka zo, biyu a cikinsu 'ya'yan Madam ne, 'yar kudun da ke da shago a jikin gidanmu, wadda ta daɗe a unguwar har Hausarta ta fi ta jikokina. Yaran kirki, amma ba wanda ya taɓa cuɗa ƙasa. Ni da na tsani aikin nan ina yaro, ni na tuɓe takalmi na shiga ina nuna musu, ina haki, Ɗanlami na zaune a kan kujera yana ba da umarni da sanda. Ko tsokanata bai yi ba, abin da ya ƙara karya mini zuciya ke nan.

Mun ɓamɓare gefen gabas, mun fara ɗora sabon tubali daga ƙasa. Aikin da gayyar da za ta gama a kwana biyu, muka shiga mako na uku ba mu kai rabi ba. Ran nan bayan la'asar gabas ta yi baƙi. Muka rufa leda muka danne da duwatsu, iska ta ɗauke ta kamar hula. Na tsaya a rumfar shagon Madam ina kallo ruwa na dukan bangon da muka tsiraita. Bai faɗi da ƙara ba. Zama ya yi a hankali, yadda tsoho ke zama in ƙafa ta gaji, zanko ɗaya ya karkata ya bi shi, rufin ya buɗe baki. Na ji Ɗanlami a bayana yana salati ƙasa-ƙasa. Ni kuka na yi, a gaban yara, ban ɓoye ba.

Da safe Madam ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi mini jaje kamar an yi mutuwa. Sannan ta ce, Baba, ka yi haƙuri, ta nan yara ke bi zuwa makaranta. Na ce na sani. Ni da bakina na aika aka kira leburori, na tsaya har suka sauke sauran bango ukun. Ba su sha wuya ba.

Ƙasar ta yi kwanaki a tare a ƙofar gida. Sai mai unguwa ya zo da kansa, yana ta kwana-kwana, ya ce lungun da ke zuwa masallaci duk damina sai ya zama tafki, tsofaffi na zamewa, ko zan taimaka da ƙasar nan a cike shi. Me zan ce? Na ce a kwashe. Aka yi ta jidarta a baro har ta ƙare, aka baje, aka daddaɓe. Lungun ya yi kyau, ban ƙi gaskiya ba, ko an kwana ana ruwa ba ya taruwa, kowa na sa mini albarka a karo na biyu.

Daga ƙofata zuwa masallaci ta lungun nan tafiyar minti biyu ce. Ni ta bakin titi nake zagayawa, sau biyar a rana, da sandata da ciwon ƙafata, wani lokaci in tarar an yi raka'a ɗaya. 'Yata ta yi faɗa har ta gaji, jikoki kuma suna cewa likita ne ya sa ni motsa jiki. Na bar su a haka.